Shayin Goggo Jashoda a Ƙofar Ofis

Labarin ya iso ƙauyenmu da safe, muna kan layi a rumfar ƙungiyar masu sayar da nono, kowace da garwar nononta. Wai gwamnati na shirin ƙulla yarjejeniyar ciniki da wata ƙasa mai nisa, za a cire haraji kan madarar gari, ta shigo jiharmu ta Gujarat a araha.

"Can fa mutum ɗaya yana da shanun da suka fi na garin nan duka," in ji mai awon nono. "Inji ne ma ke yi masa tatsa."

Ni da ɓauna biyu kacal nake tatsa, nan take na fara lissafin abin da zai rage mini.

Kawu Dahya, shugaban ƙungiyarmu, mutum ne mai son lasifika. Ya tara mu a gindin tsamiya ya ce gobe kowa ya kawo nonon safe, mu kai birni, mu zubar a ƙofar ofishin hakimin gunduma, duniya ta gani.

Matarsa, Goggo Jashoda, ta ɗago kai. "Mu zubar da me?"

"Nono mana. Haka ake zanga-zanga yanzu."

"To, Allah ya kai mu."

Da gari ya waye muka cika tarakta uku. Na ga Goggo ta ɗora manyan tukwane da itace da buhun sukari, na ce, "Goggo, biki za mu?"

"Ramila, riƙe mini cittar nan ki yi shiru."

Muna isa, Kawu ya haye bayan tarakta ya fara jawabi. Ya kai ga "Ku zubar!", ya waiwaya, sai ya tarar mata sun zazzauna a kan garewanin, Goggo kuwa har ta kafa murhu a tsakiyar titi.

"Jashoda, kina kunyata ni a gaban 'yan jarida!"

"Maigida, ci gaba da maganarka, tana daɗi. Nonon da na tashi da asuba na tatsa dai, kwalta ba za ta sha shi ba."

Ta juye nonon a tukwane ta dafa shayi, ƙamshin citta ya gauraye unguwar. Masu keken haya suka fara tsayawa, sai 'yan makaranta, sai ma'aikatan banki. 'Yan sandan da aka turo su kore mu suka yi ta zare ido, har babbansu ya matso ya ce, "Inna, a ɗan rage sukari a nawa." Duk wanda ya karɓi kofi, sai Goggo ta ce, "Sha da kyau, ɗana. Baɗi madarar garin kanti za a dama maka, mu kuma mun sayar da dabbobin." Hanya ta toshe, ba wanda ya ji haushi.

Can sai ga hakimin da kansa ya sauko, don motarsa ta rasa ta inda za ta fita. Ya ce maganar ba a hannunsa take ba, ta manyan Delhi ce.

"Ai kana da waya," in ji Goggo. "Zauna, ga kujera, ga shayi. Kafin ya huce ka gama gaya musu."

Ya yi dariya, ya zauna, ya kira wani na sama da shi muna ji. Kawu ya lallaɓo ya tsaya kusa da shi don hoto.

Bayan damina muka ji an sa hannu kan yarjejeniyar, amma ba a sa nono a ciki ba, aƙalla a wannan karon. Ba mu kaɗai muka yi kuka ba, ko'ina an yi, sai dai Kawu har yau yana cewa jawabinsa ne ya jawo haka.

Kwanan baya manoman dankali na ƙauyen gaba suka zo, su ma abin ya biyo ta kansu, suna neman shawarar Goggo. Ta dube su ta ce, "Soya dankalin za ku yi, ku raba wa jama'a. Ku je ku fara shiryawa da masu gyaɗa tukuna, don man da za ku ci ba kaɗan ba ne."