Takalman Ƙofar Masallaci

Kwamitin masallacinmu ya sallami Malam Badamasi saboda takalma sun yi kaɗan a bakin ƙofa. Dalilin ke nan, babu wani.

Ina cikin kwamitin. Ba don ilimi aka sa ni ba, gyaran injin ban ruwa nake yi, ni ke kula da famfon alwala. Shugabanmu Alhaji Datti ne, mai shagon taki a Kwanar Dangora. Mu muka ɗauko Malam daga Yako don ya riƙa yi wa samari karatu bayan La'asar, muka ba shi ɗakunan bayan masallaci shi da matarsa Asma'u. Sai da ya sayar da 'yar gonarsa sannan ya taho, don mun ce masa zama ne na dindindin.

Alhaji bai taɓa zama a karatun ba. In ya taso daga shago sai ya tsaya a kan babur, ko kashe shi ba ya yi, ya dubi takalman da ke ƙofa, ya wuce. Bayan kaka ƙofar cike take, yana ta yabon Malam.

Da aka shiga noman rani samarin suka koma fadama. Mu nan ruwan madatsar Tiga layi ake bi. In layinka ya zo ka tafi karatu, tumatirinka ya ƙone, babu mai jiranka. Sai Malam ya bi su can. Ya zauna gindin mangwaro da littafinsa, wanda ya gama ban ruwa ya wanke ƙafa ya zo ya ɗauki darasi. Ni ganau ne, a can nake wuni da injuna. Tasi'u ɗan ƙanena, wanda a da ko alwala bai iya ba, a gabana ya ja mu salla.

Alhaji ya kira taron kwamiti, har da Malam, ya ce a sallame shi tunda samari sun daina zuwa. Na ce, "Alhaji, yaran suna fadama, can ake karatun."

Ya ce, "Ghali, mu masallaci muka gina, ba gindin mangwaro ba. In masu taimaka mana daga birni suka ce a turo hoto, hoton tumatir zan tura musu?"

"To ka zo ka gani mana. Babur ɗinka yana shiga fadama ai, in za ka kai taki."

"Na riga na gani. Jiya har da na ladan, takalman ba su cika hannu ba."

Malam ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri zuwa a cire tumatir, za su dawo." Sauran 'yan kwamiti kowa ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai na ƙi, na yi ta faɗa har muryata ta dushe, a banza.

Aka kawo wani yaro Mujitaba a madadin Malam, da lasifika da kular zoɓo da kwalin biskit. Ƙofa ta cika har kan hanya. Alhaji ya kira ni yana dariya, ya ce in duba.

Na ɗaga silifa ɗaya na nuna masa. "Alhaji, wannan ko tafin hannuna bai kai ba. Mai shi bai daɗe da yaye ba. Samarin da aka ce fa?"

"Kai dai ba ka son ganin ci gaba. Takalmi ai takalmi ne."

Aka ɗauki hoto aka tura birni, suka yi ta sa albarka.

Aka ce Malam ya saki ɗakunan kafin Juma'a. Ni na nemo motar da ta kwashe kayansa, samarin fadama suka loda, laka har gwiwa. Yako babu gonar da zai koma wa. Asma'u ta tafi gidan iyayenta da yara, zuwa ya sami wurin zama. Shi kuma yana Riruwai yanzu wajen masu haƙar ma'adinai, tsaye cikin ruwa yana wankin kuza, mutumin da furfura ta fara fito masa.