Hanyar Tirela a Kan Babur

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tirela, in ka sauke shi ka ɗora a kan babur, gangar jikinsa kawai ka sauke. Haka abin ya kasance ga Baba Tirela. Hawan jini ne ya raba shi da babbar mota, likita ya hana shi doguwar tafiya da kwanan hanya. Ya zauna a gida har kujerar ƙofar ɗaki ta lotsa, sai ya ga zaman ya fi ciwon ciwo. Ya sayi babur, ya samu aiki a wani shagon kayan gyaran mota. Bakanike zai bugo waya yana son abu kaza, shi kuma ya sa a akwatin bayan babur ya kai masa gareji.

Matsalarsa ɗaya ce. Ya san manyan hanyoyi kamar yunwar cikinsa, amma garin da ya haifi 'ya'yansa a ciki bai san lungunansa ba. Kuma ba ya tambaya. A ganinsa, wanda ya kai kaya har bakin iyaka bai kamata a gan shi yana tambayar mai faci ina layin kaza yake ba. Wannan girman kai ne, ba shi da wani suna.

Mai shagon mace ce, ma'aikata suna ce mata Uwar ɗaki. Ita ta riƙe shagon tun rasuwar mijinta, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

“Baba, ka girme ni, ba zan yi maka faɗa ba,” in ji ta. “Amma bakanike ba ya jira. Ko ka koyi gari, ko gari ya koya maka.”

Wayarsa mai maɓalli ce, ba ta san taswira ba. Sai ya nufi layin masu kayan lantarki, wurin wani mai gyara da ke sayar da na'urorin nuna hanya na hannu. Mai gyaran ya ciro ɗaya, faɗinta kamar tafin hannu.

“An gyara ta tas. Sabon batir, sabon gilashi, taswirar bana. Ga mariƙin gilashin mota, ga na kan babur. Ruwan sama ba ya shigarta.”

“Wa ya yi amfani da ita a da?”

“Haba Baba! Da aka ba ka tirela, ka tambayi wanda ya fara tuƙa ta?”

Baba Tirela ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce kamar mai gwada taya, ya sa aka yayyafa mata ruwa a gabansa. Ta ci gaba da haske. Mai gyaran ya koya masa yadda ake sa mata wurin zuwa, ya ɗaure ta a kan babur, suka rabu.

A gida matarsa ta leƙo daga kicin, ta ji muryar da ke fita daga na'urar.

“Ikon Allah. Maigida, kai da ban isa in ce maka bi dama ba, yau gwangwani ne zai faɗa maka?”

“Ita in ta faɗa, ba ta ƙarawa da ‘ai na gaya maka’.”

“Za ta koya. Zama da kai ne.”

Daga ranar bai ƙara ɓata ba. Na'urar tana bi da shi ta manyan tituna masu faɗi. Tana zagaye kasuwa, ba ta ratsa ta. Ba ta taɓa sa shi a lungu ba, ba ta taɓa kai shi kwanar da za ta matse shi ba. In aikin na hayin layin dogo ne, sai ta wuce da shi gaban gajeriyar gadar jirgin ƙasa, wadda ƙananan motoci ke bi ta ƙarƙashinta, ta kai shi can ƙarshen gari ya hau gadar sama ya dawo. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai.

“Wannan aba tana da hankali,” ya ce wa matarsa. “Duk inda ni da kaina zan bi, nan take bi da ni.”

To nan cutar take. Ɗan Adam ba ya kiran mai shawara mai hankali sai in ya faɗa masa abin da dama yake so ya ji.

Ba ya ɓata, amma yana makara. Bakanikai suka sa shi a gaba.

“Baba Tirela, sannu da hanya! An tsare ka a kwastan ne?”

“Ku ba shi ruwa, daga ƙasar waje yake.”

Yana murmushin yaƙe, ya miƙa kaya, ya juya. A ransa yana cewa yaran zamani ganganci suke yi da babur, shi kuwa tuƙi yake yi na ƙa'ida.

Wata rana da hantsi Uwar ɗaki ta ajiye waya, fuskarta ba annuri. Babban garejin hayin dogo ne, wanda ya fi kowa saye a shagon. Motar ɗaukar 'yan makaranta ce a kan jak, ba birki, kuma dole ta fita kafin a tashi yara. Shugaban garejin ya ce in aka makara masa yau, ya daina saye a nan.

Ta sa kayan birkin a akwati da hannunta.

“Baba, in ka makara, kada ka sa ni faɗin abin da ba na so. Ka dawo ka kwance akwatin nan ka ajiye, mu rabu da mutunci.”

Ya ɗaura hular kwano. Kujerar nan da ta lotsa ce ta faɗo masa a rai, ya ji gara komai da ya koma kanta.

Bai yi nisa ba ya tarar da cunkoso a babban titi, daidai kusa da gajeriyar gada. Ya ja ya tsaya a bayan wata tirela, a tsakiyar layi, ya bar tazara kamar yadda ya saba. Babura suna wuce shi dama da hagu, suna karyawa suna shigewa ƙarƙashin gada kamar tururuwa. Muryar na'urar ta ce ya miƙe. Gaba kuwa ba motsi. Rana tana hawa, gumi yana bin bayansa.

Direban tirelar ya sauko yana duba tayoyinsa, ya gan shi.

“Dattijo, lafiya? Ni dole ce ta tsayar da ni, gadar can ba ta ɗaukata. Kai me kake jira?”

“Na'urata ta ce a miƙe.”

Direban ya leƙa gilashin, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

“Ina bodin naka? Ka bar shi a gida ne?”

Baba Tirela ya duba. A kan taswirar, ɗan hoton da ke nuna inda yake, hoton babbar mota ne, doguwa, da bodinta. Kullum yana ganinsa. Bai taɓa yi masa baƙo ba, domin shi ma a tirela yake ganin kansa. Ashe na'urar ta wani direban babbar mota ce a da. An canza mata batir, an canza gilashi, ba a canza abin da take zaton tana ja ba. Tun ranar farko tirela take kaiwa gareji, shi kuma yana yaba hankalinta.

Ya danna nan, ya danna can, yana neman inda ake gyarawa. Rubutu ya yi ta fitowa, bai gane ba, lokaci kuma ba ya jira. Ya bar ta haka. Ya ja babur baya da ƙafa, ya karya kai ya nufi gada.

Muryar ta ce ya juya. Bai juya ba. Ga allon da ke nuna iyakar tsayin mota, wanda duk rayuwarsa in ya gan shi birki yake takawa. Ƙafarsa ta nemi birkin da kanta, ya hana ta. Da ya shiga inuwar gadar sai ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa taɓa na'urar, yana jiran ƙarar ƙarfe a sama, alhali ko tsaye ya miƙe a kan babur hannunsa ba zai taɓa rufin ba. Ya fita ta ɗaya gefen lafiya lau.

Hayin kuwa lunguna ne. Na'urar ta dage sai ta mayar da shi babban titi. Ya daina sauraronta, ya bi alamar garejin a taswira da ido, har lungu ya ƙare masa a jikin bango. Wani tela yana ɗinki a ƙofar shagonsa. Baba Tirela ya ajiye girman kai, ya matsa kusa da shi.

“Malam, don Allah, ina garejin da ake gyaran manyan motocin makaranta?”

“Ka koma baya kaɗan, ka bi ta gefen famfon can. Za ka ji ƙarar guduma.”

Ya ji ta kuwa. Shugaban garejin ya fito daga ƙarƙashin motar, hannu duk baƙin mai, ya dubi agogon bango, ya dubi Baba Tirela.

“Yau kwastan suna hutu ke nan?”

“Karɓi kayanka ka ɗaura, yara na jira.”

Da ya koma shago, Uwar ɗaki ta riga ta samu waya. Ba ta yaba masa ba, shi ma bai nema ba. Ta turo wani kwali da ƙafa.

“Bayan kasuwa. Suna so yanzu.”

Ya ɗaure kwalin, ya biya ta layin masu kayan lantarki. Ya tsaya a gaban mai gyaran bai kashe babur ba.

“Ka sayar mini da tirela.”

Mai gyaran ya duba, ya dafe kai. “Wallahi Baba, ban shiga nan ba. Amma kai duk kwanakin nan ba ka lura ba?”

“Gyara kawai. Kuma ka nuna mini wurin, in gani da idona.”

Ya nuna masa. Hoton ya koma ɗan ƙaramin babur. Baba Tirela ya sa mata bayan kasuwa, nan take ta ja layi ta wani lungu tsakanin rumfar mai katifa da ta mai bokitai, inda ko baro sai ya yi dabara. Ya tsaya a bakin lungun yana auna faɗinsa da ido. Wani mai babur ya danna masa oda daga baya. Ya matse gwiwoyinsa a jikin tanki, ya sa giya, ya shiga.