'Yar Farin Habsatu

A daminar da ta biyo bayan sauya wa Dahomey suna zuwa Benin, Mushe Sumaila, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dosso, inda ake ce wa kowane malami Mushe, ya sanar da abokan aikinsa cewa hutun bana a ƙasar waje zai yi shi, shi da iyalinsa. Masu hali Kwatano suke zuwa su ga teku, masu ƙaramin ƙarfi su leƙa Yamai. Da aka tambaye shi wace ƙasa ya ce Malanville, garin farko na Benin in an haye kogi, sai da darektan lakwal ya ƙware da shayi. Wace irin ƙasar waje ce za ka tsaya bakin ruwa ta wajen Gaya kana hango matanta suna shanya? Mushe ko a jikinsa. Ya ce in dai akwai duwan, wato kwastan, da tuta, ai an fita ƙasa.

Matarsa Habsatu ba ta yi dariya ba, don ta san abin da ke ƙarƙashin hutun. Yayar mijinta Jariatu, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Malanville, ta daɗe a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun Habsatu na da ciki Sumaila ya yi wa yayarsa alkawarin in mace ce, da an yaye ta ta yi ƙwari, tata ce. Mace aka haifa, aka sa mata Barakatu, ga ta yanzu shekara uku, baki kamar kanari. Za a tafi su uku a dawo su biyu. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa.

Ita kuwa Habsatu ba ta da bakin cewa a'a. Barakatu 'yar fari ce, kuma uwa ta ƙwarai ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, balle ta ce tana son a bar mata shi. A wannan fannin Habsatu ta yi suna a unguwarsu. “Yarinyar nan” take cewa, ko “waccan”. In yarinyar ta faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai har maƙwabciya ta zo ta ɗauka, tsofaffi suna sa mata albarka suna cewa kunya ba ta ƙare ba a duniya. Sai ta sakaya ƙofar ɗaki take ɗora ta a cinya tana shinshinar kanta. Tana son yarinyar nan so mai hana cin tuwo, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

A bakin gadar shiga Benin wani jandarma mai ƙaton tumbi ya leƙo cikin mota yana kiran kowa kamarad, don a lokacin haka ake yi a can. Barakatu ta miƙa hannu ta fizge masa hula. Mushe ya fara jero ban haƙuri da Faransanci, jandarma kuwa ya yi ta dariya har tumbin na rawa, ya karɓi hularsa ya ce su wuce.

Hutu dai an yi shi, ba a cuci kowa ba. Mushe ya zagaya da su kasuwa, inda albasa ke tule kamar duwatsu, ana ciniki da Dendi ana ƙarasawa da Hausa. Ya sa mijin Jariatu ya ɗauke su a kwalekwale ganin dorina. Dorina ba ta ga damar fitowa ba, Mushe ya nuna wani kututture ya rantse kunnenta ne. Sun je ƙauyen Toumboutou a amalanke suka sha nono a ruga, suka dawo da cukun da ake kira wagashi. Har hoto aka ɗauka, Mushe da tabarau, Barakatu a hannun gwaggonta, Habsatu a gefe tana kallon ƙasa.

Jariatu ba muguwa ba ce, kuma ta san zafin abin da take nema. Wata rana suna juya kifi a bisa murhun banda ta ce wa Habsatu, ba tare da ta dube ta ba:

“Amarya, ni ban riƙon ɗiya da ƙarhi. Ranar da za ku tahi, in ta biyo ki tana kuka, ki tai da abinki. Na yahe alkawali.”

Habsatu ta ce haba Yaya, ai ɗiyarki ce, ni me zan yi da ita. Haka ake cewa, haka kuma ta ce. Amma daga ranar ta rataya duk burinta a kan wannan magana. Wane yaro ne zai ga uwarsa ta ɗauki kaya bai tsala ihu ba? Ba sai ta yi komai ba, ba sai ta zubar da mutuncinta ba. Yarinyar ce za ta yi mata aikin.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne irin tarbiyyar da ta yi da hannunta. Barakatu ta tashi ta ga in da mutane a wuri, cinyar kowa tata ce ban da ta uwarta. Don haka ba ta ƙiwa. Ta saba da bayan gwaggonta tun ranar farko, ta koyi neman ruwa da Dendi, ta sami ɗan akuya da take ja da igiya. Habsatu na gani, tana ce wa ranta ai wasa daban, rabuwa daban.

Ranar komawa, gida ya cika, dangin mijin Jariatu da maƙwabta duk sun zo sallama. Yadda aka saba, akan janye yaro ne a kai shi sayen alewa, iyaye su sulale. Jariatu ta ce ba za a yi haka ba. Ta sauke Barakatu a tsakiyar gida, ta koma bakin ɗakinta ta zauna, ta harɗe hannuwa.

Mushe ya ɗauki akwati ya yi gaba yana gyaran murya. Habsatu ta ɗora ƙunshinta a ka. Barakatu ta saki igiyar akuya, ta tako har kusa da ita, ta ɗaga kai tana duban fuskarta. Ba ta yi kuka ba, jira take ta ga ko yau ranar ɗauka ce. Hannu ɗaya Habsatu za ta miƙa, ko ta faɗi suna sau ɗaya, shi ke nan magana ta ƙare. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To amma idanu sun yi yawa, ga tsofaffi a kan tabarma, kuma wuyanta ya riga ya saba. Kafin ta yanke shawara kanta ya kau da kansa, ta tsinci kanta tana kallon katanga.

Yarinyar ta gane amsar, don ta sha samun irinta. Ta juya ta tafi ta hau cinyar gwaggonta. Wata tsohuwa ta ce kai, wagga ɗiya an yi mata tarbiyya, uwar ma haka. Aka yi ta sa wa Habsatu albarka har ƙofar gida, tana amsawa da amin.

A mota Mushe ya yi ta tsara yadda zai ba darekta labarin dorina, muryarsa ta fi kullum ƙarfi. A bakin gada jandarman nan ne dai. Ya leƙo, ya dafe hularsa da hannu biyu don wasa, ya duba cinyar Habsatu ya ga ƙunshi.

“Kamarad, ina ɗiyag ga da taj ja mani hula? Mi sunanta ma?”

Mushe ya ce tana wurin gwaggonta. Sunan kuwa shi ma bai faɗinsa, sai ya shiga lalube aljihu kamar mai neman wani abu. Jandarma na tsaye yana jira.

“Barakatu,” in ji Habsatu.

Da ƙarfi ya fito, har direba ya waigo. Jandarma ya ce suna mai kyau, ya buga bayan mota ya ce a tafi. Suna kan gada ta sake faɗi, a hankali wannan karon, don ta ji yadda yake a bakinta. Ba wanda ya amsa, motar kuma ba ta tsaya ba sai Gaya.