Samfuri Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Sha'aban ba ya ƙin Yusha'u. Haka yake faɗa wa kansa duk ranar da sunan Yusha'u ya sake fitowa a wata mujallar kimiyya. Tare suka yi digiri a Kano, tare suka sami tallafin karatu, shi ya faɗo Manchester, Yusha'u ya sauka Birmingham. Cikin shekara uku Yusha'u ya fitar da takarda huɗu, ya yi aure har da 'ya. Sha'aban kuwa ɗaki ɗaya gare shi a unguwar Hulme, sai malamin da ke duba aikinsa yana girgiza kai kamar ya zo ta'aziyya.

Aikinsa toya yumɓu ne, kamar kakarsa mai ginin tukwane, sai dai nasa shimfiɗa ce da ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, a kan ɗan falle mai girman farce. In aka ba ta wutar lantarki, yawan cajin da take riƙewa ya kan canza, da haka waya ke iya sauya zango ba tare da an cika ta da kaya ba. Iya canjin, iya darajar aikin. Kashi hamsin cikin ɗari yake nema kafin Afrilu, in ba haka ba babu digirin. Wata goma sha takwas bai wuce talatin da biyu ba.

Ƙa'idar wurin ita ce, kowane samfuri a karce masa lamba a baya da alƙalamin lu'ulu'u, a rubuta zafinsa da awanninsa da iskar da ya sha a littafi. Wata Juma'a ya sa ɗaya a tanda ya tafi masallaci. Huɗuba ta yi tsawo, ya tsaya gaishe-gaishe, ya dawo ya tarar tukunyar iskar oksijin ta ƙare, Allah kaɗai ya san yaushe. Samfurin ya fito da duhu-duhu. Ya wurga shi aljihun tebur, bai karce ba, bai rubuta ba.

Ana nan sai Yusha'u ya kira. "Mutumina, an kawo mana sabuwar na'urar awo. Turo mini sample ɗinka mafi kyau, ina da conference, zan gabatar da awon a taron masana."

Kishi ya turnuƙe Sha'aban. Wato shi ya sha zafin tanda, wani ya hau dandamali a tafa masa! Ya ciro lalataccen nan, ya karce masa 41, lambar samfurin da ya fi ji da shi, ya aika. Kwana biyu yana jin wani daɗi maras kyan gani, yana hango abokinsa yana ta fama da abin da ba zai motsa ba.

Ranar Asabar Yusha'u ya matsa lallai sai Sha'aban ya zo. Ya hau jirgin ƙasa, ya iske su a gidansu na Sparkbrook. Sabuwa, matar Yusha'u, ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ko hannu Sha'aban bai wanke ba Yusha'u ya juyo masa kwamfuta.

"Sittin da takwas, Sha'aban! Sau uku na auna. Wallahi ban taɓa ganin tunability, canjin caji, irin wannan ba. Digirinka ya kammala. Sunanka ne farko a takardar, ni na biyu, ba na son gardama."

Sha'aban ya zuba wa layin awon da ke kan kwamfutar ido.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Yusha'u. "Ka turo mini shafin 41 daga littafinka na lab, mu sa a methods, wajen bayanin yadda aka toya shi. Supervisor ɗina, mai duba aikina, yana so ka toya mana biyar irinsa."

Hoton shafin 41 na ainihi yana cikin wayarsa. Yana iya turawa yanzu, a buga ƙarya da sunansu su biyu, duk wanda ya bi bayanin ya sami talatin da biyu, a zo a tuhumi awon Yusha'u. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da shi wayam.

"Wannan ba 41 ba ne."

"To nawa ne?"

"Ba shi da lamba. Iska ce ta ƙare masa a tanda. Na ɗauka ya lalace."

Yusha'u ya ɗago ya dube shi. "Mafi kyau na ce ka turo mini."

"Na ji ka."

Daga kicin Sabuwa ta ɗaga murya tana tambaya ko a ƙaro miya. Yusha'u ya rufe kwamfutar a hankali, ya tura masa ɗan akwatin samfurin a kan tabarma.

"Ɗauki abinka. Ka je ka gano lokacin da iskar ta ƙare, za ka iya, ka fi ni hannu tun muna Kano. In ka gano, ka sa sunanka kai kaɗai."

Abin da ya yi shekara uku yana so ke nan. Ya ɗauki akwatin ya miƙe. Yusha'u, da ya saba taka masa har bakin bas a Stratford Road, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ya gaida Manchester.