Abincin Masu Dubiya

Tana tsiyaye ruwan wake a kwando ta ji an sake buga ƙofar gida, aka yi sallama da muryoyi uku. Ba ta ɗago kai ba. Ta miƙa hannu cikin buhu ta ɗebo shinkafa kofi biyu, ta ƙara a kan wadda ta wanke.

Yau kwana tara ke nan da aka sallamo Inna daga asibiti, ɓarin jikinta na dama a shanye, bakinta a karkace. Tun ranar gidan bai huta da masu dubiya ba. Wasu su gaishe ta su tafi, wasu kuma su zo da jakar kaya. Ita ce babbar 'yar Inna, kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Kuma shekara goma sha shida ke nan tana girki a wata makarantar firamare, bakin yara ɗari uku a kullum. Shi ya sa babu wanda ya tsaya tambayar wa zai ciyar da baƙi. Kicin kawai aka nuna mata, kamar yadda ake miƙa wa direba makulli.

Ba ta yi gardama ba, sai ta kwaso dabarun makaranta ta kawo gida. Komai a tukunya ɗaya. Wake a jiƙa shi da wuri don kada ya ci gas. Albasa a yanka ta kwana biyu a zama ɗaya, kukan ma a yi shi sau ɗaya. Kabeji a saye shi wajen mai kayan miyan da rana ta gama dafawa, wanda ya gaji da ciniki. Busasshen kifi kuwa a daka shi a barbaɗa, kowa ya ji ƙamshi, babu mai harara a kan tsoka. Da haka ta riƙe mutum ashirin da wani abu, rana da yamma, ba a taɓa tashi da yunwa ba. Ita dai ƙafafunta ne suka kumbura, har ta daina saka takalmi mai rufi. Daga makaranta sai bas, daga bas sai kasuwa, daga kasuwa sai wannan kicin ɗin da tagarsa ba ta buɗuwa.

Gwaggo, ƙanwar marigayi babansu, ta leƙo tana fifita da gefen mayafi.

"Sannu da aiki, Yaya. Yau ma waken ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"To, Allah Ya amfana. Ni dai cikina ya fara magana da harshen da ban sani ba. Jiya ana tsakiyar hira ya amsa wa surukata gaisuwa."

Yaya ta yi ɗan murmushi don kada a ce ba ta yi ba. Ta juye waken a tukunya, tiriri ya bugi fuskarta.

A lokacin ne ƙaninta ya shigo, wanda ake kira Tela saboda sana'arsa. Mutum ne mai 'ya'ya uku, amma ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya yi laifi, riƙe da ƙaramin kwano. A ciki akwai dankalin da ta dafa wa Inna tun da asuba kafin ta fita aiki, ta murje shi da karas, babu gishiri babu mai, yadda likita ya ce. Ko cokali ɗaya ba a taɓa ba.

"Ta ƙi ci," ya ce. "Na ba ta, matata ta ba ta, Gwaggo ma ta gwada. Sai ta datse baki ta juya kai."

"Jiya fa?"

"Jiya ma ruwa kawai. Shekaranjiya cokali biyu." Ya sunkuyar da kai. "Na kira likita. Ya ce in ta kai gobe a haka a mayar da ita asibiti, su saka mata roba ta hanci."

Yaya ta tsaya da ludayi a hannu. "Kwana uku? Ba wanda ya gaya mini?"

"Mun ga aiki ya yi miki yawa."

Yaya ta dubi kwanon. Ta yi ƙoƙarin tuna yaushe rabonta da ta zauna kusa da Inna. Tana leƙawa da safe ta ce ya jiki, tana leƙawa da yamma ta kwashe kwanuka. Ta san wanda ba ya cin barkono cikin baƙi, ta san mai son ƙanzo, amma ba ta san uwarta ta kwana uku ba ta ci ba.

Ta kama hannun Tela ta danƙa masa ludayin.

"In waken ya yi laushi ka zuba shinkafa. Ruwa ya ɗara ta da gaɓar yatsa ɗaya. Ka rage wuta, ka rufe, kada ka yi ta buɗewa. Gwaggo, ga kabeji, ga wuƙa."

"Ni?" in ji Gwaggo. "Da wannan idon nawa?"

"Ko manya-manya ne a yanka. Zai dahu."

Ta ɗumama dankalin ta nufi ɗakin Inna. Mata shida ne a ciki, biyu a bakin gado suna kallon wani abu a waya, sauran suna labarin wata da ta yi irin wannan ciwon ba ta tashi ba. Yaya ta ce su yi haƙuri su ba ta wuri, za ta gyara mara lafiya. Suka fita suna jan ƙafa. Ta rufe ƙofa.

Inna ta rame. Wuyanta ya zama kamar na yarinya, fatar hannunta ta saki. Yaya ta ɗaga ta ta jingina da matashi, ta goge mata gefen baki, ta zauna. Zaman ya yi mata daɗi har sai da ta ji kunya. Ta ɗebo rabin cokali ta kai bakin Inna.

Inna ta datse leɓe. Ta zuba mata ido, hannunta mai lafiya yana jan zanen gado. Bakinta ya motsa, sauti ya fito a dagule.

"Me kika ce, Inna? A hankali."

Ta kara kunne. Sai a karo na uku ta gane.

"Ba... ƙi. Sun... ci?"

Yaya ta ɗago ta dube ta. Matar nan shekara hamsin ba ta taɓa cin abinci kafin baƙo ba. A tsaye take ci, a kicin, abin da ya rage a gindin tukunya, bayan kowa ya wanke hannu. Kwana uku ana cusa mata cokali a ɗaki cike da mutanen da ba ta ga an kawo musu komai ba, ga baki ya ƙi ba ta damar tambaya.

"Sun ci, Inna," ta ce. "Kowa ya ƙoshi. Har an yi ƙari. Wannan ragowar ce."

Inna ta lumshe ido, ta saki zanen. Ta buɗe baki kaɗan. Cokali ɗaya ya shiga, rabi ya dawo, Yaya ta tare da yatsa ta mayar. Na biyu ya wuce lafiya.

Suna kan na biyar ƙaurin shinkafa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Daga kicin aka ji murfi ya faɗi, Gwaggo tana salati, Tela yana ƙwala kira.

"Yaya! Yaya, ta kama!"

Ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan tabarma, ta gyara zama, ta ɗebo na shida.