Jajen Kilishin Mijinyawa

Wata takwas Malam Mijinyawa yana cika mana kunne da labarin kilishin da Innarsa za ta aiko daga Kano. Ranar da ɗan saƙon ya sauka Dubai, sai ga jaka wayam. Wai yunwa ce ta kama shi a jirgi.

Tare muke aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Qusais. Ya shigo ofis ido jawur, ya tsaya gaban shugabarmu, wata Baturiya da muke kira Madam, ya zayyana mata komai da Turanci. Ko ɗagowa daga kwamfuta ba ta yi ba ta ce, "Bummer."

Ya dawo wurina. "Malama Kamila, me ta ce?"

Na ce kalmar takaici ce, amma ƙaramin takaici. Kamar a ce jirgin ƙasa na metro ya tashi ya bar ka, ko shayinka ya huce.

"Kilishin Inna ne shayi?" in ji shi. "Ba sannu, ba Allah ya mayar da alheri? Khalas, shi ke nan an gama?"

Na yi dariya, amma wallahi ya ba ni tausayi. Ba naman ne ya dame shi ba. So yake wani ya tsaya ya jajanta masa kamar yadda ake yi a gida.

Bayan sati biyu wata 'yar shuka mai ƙaya da ke kan teburin Madam ta bushe. Mijinyawa ya ce yau zai koya mata yadda ake yi. Ya tattaro mu mu biyar, har da direba, ya sa mu cire takalma a ƙofar ofishinta kamar gidan surukai. Muka jeru. Shi yana jero jaje, ni ina fassarawa.

"Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu. Yaushe ta fara ciwo? Ya haƙuri? Allah ya kiyaye gaba."

Direba sai amin yake zubawa, ni kuwa ina cizon leɓe kada dariya ta ƙwace. Kawai sai Madam ta fashe da kuka. Ashe mahaifiyarta ce ta ba ta shukar ranar da za ta baro ƙasarsu, shekara shida ke nan. Mijinyawa da ya zo ramuwa ya rasa inda zai sa kansa, ya hau lalube aljihu yana neman hankici.

Washegari da safe ta zo teburinsa, ta cire takalmanta masu tsini, ta buɗe takardar da ta roƙe ni na rubuta mata.

"Malam Mijinyawa," ta ce da karyayyiyar Hausa, "ya hakurin kilishi?"

Mijinyawa ya dube ta. Can ya share ido da hannun riga.

"Da godiya, Madam. Mai ƙuli-ƙuli ne fa. Inna da hannunta ta daka yajin."

Ta jawo kujera ta zauna.