Ƙafar Kafinta

Kun ga ƙafar kafintan nan, kuka kau da kai. Ku da kuke shigowa da carbi kowace yamma, kun ji warinta, sai kuka ƙara ɗaga murya.

Ƙusa mai tsatsa ya taka a shago. Da ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, uwarsa ta fara addu'ar kwana tara. Ta kunna kyandir gaban hoton Yusufu Mai Tsarki, majiɓincin kafintoci, ta jingina hoton marigayi mijinta kusa da shi, su roƙa wa ɗanta sauƙi wurin Allah. Matar kafinta ma ta durƙusa, da zuciya ɗaya. Amma ko yaushe ta ambaci asibiti, sai surukar ta ce rashin kunya ne ka aiki manya roƙo, kuma ka tsallake su tun ba su gama ba. A bari kwanakin su cika. Matan zumuntar coci suka ce haka ne, suka ci gaba da jan carbi.

Ranar da matar kafinta ta kai masa ruwa ya kasa buɗe baki, haƙora a datse, sai ta ajiye kofin ta fita ta taro tasi. Ta dawo ta tarar da tsohuwa ta tare ƙofar ɗaki.

"Saura kaɗan, 'yar nan. Kunyata su za ki yi?"

Ta raɓa ta wuce, ta durƙusa gaban hotunan, ta dubi na marigayi surukinta.

"Baba, ranar da zarto ya yanke shi yana yaro, an ce da gudu ka kai shi asibiti, ko takalmi babu. Ku ci gaba da roƙo, kai da Yusufu Mai Tsarki. Mu za mu ɗauke shi."

Mai tasi ya danna hon daga waje. Tsohuwa ta daɗe tana kallon hoton mijinta. Can ta hure kyandir, ta cusa hotunan biyu cikin jaka, tana gunaguni wai mutumin nan ko da rai bai iya zama wuri ɗaya ba.

"Kama kafaɗa, 'yar nan, ni in kama ƙafafu."

Kafinta ya rayu. Ƙafar ce aka makara, likita ya yanke ta.

Akwai ɗaki irin wannan a layinku, kun san shi. Ku shiga ku yi addu'ar, sannan ku ɗauki mara lafiyar nan ku kai shi asibiti yau.